Maki Casa'in da Shida

Ran Litinin sakamako ya iso Toledo
cikin ambulan mai tambarin gwamnati:
casa'in da shida cikin ɗari.
Shugabarmu ta sayo kek, ta yanka ashirin da biyu,
har mai gadi ya karɓi rabonsa a kan tishu.

Ni na tara fayilolin da aka duba.
Mako uku ina ɗakin ƙasa, gefen injin ɗumama gini,
ina lasar yatsa, ina juya takarda.
Mai binciken, Mista Wisniewski, mutum ne mai ladabi,
sai ya cire tabarau yake tambaya.
Layin masu jira, an bi shi bi da bi? An bi.
Kuɗin haya, an gwada shi da na unguwa? An gwada.
Gidajen fa, an leƙa su a kan kari?
An leƙa. An murɗa famfo, an danna ƙararrawar hayaƙi,
an kankare fentin taga ana neman dalma.
Alƙalaminsa ya yi ta tafiya, ko tuntuɓe bai yi ba.

Na goma sha bakwai fayil ɗin Odessa Pruitt ne.

Shekara shida tana kan layi.
Ranar da sunanta ya fito, da hular zuwa coci ta zo,
jikanta Tremaine na riƙe mata da jaka.
Na miƙa mata takardar tallafin haya, na ce:
kwana ɗari da ashirin gare ki,
ki samo mai gidan da zai karɓa.
Ta ninke ta huɗu, ta cusa cikin safar hannu,
kamar mai gudun kada sanyi ya kama ta.

Gida arba'in da ɗaya ta kira.
Ta jera lambobin a bayan takardar kuɗin wuta,
tana kira tana sokewa.
Wannan ya ce an riga ta.
Wancan ya ce ba ya ciniki da hukuma.
Wani ya ji muryarta kawai, ya ce zai neme ta,
kora da hali, har yau yana nema.
Ɗaya ya yarda, can titin Lagrange,
amma ma'aikacinmu ya tarar murhun gas na yoyo,
mai gidan ya yi lissafin gyara, ya ɗaga kafaɗa.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Wa'adi ya cika ran Juma'a.
Ran Juma'ar na aika wasiƙa, da sa hannu, da hatimi.
Mista Wisniewski ya ɗaga fayil ɗin sama
kamar ungozoma ta ɗaga jariri,
ya ce: wannan tsaf yake, a yi koyi da shi.

Maki huɗun da muka rasa kuwa,
wata kwanan wata ce aka buga a baibai.

Daren Alhamis, iskar tafki na yankan kunne,
na tsaya shagon wanki da kwandona.
Can ƙarshen filin ajiye motoci
ga wata tsohuwar Buick, an toshe tagoginta da bargo,
yaro na aikin gida da fitilar waya.
Ta sauke gilashi rabi.
Ta ce: na gan ku a jarida, barkanku.
Babu gatse a muryarta, shi ya fi ci mini rai.
Ta ce: yaushe za a sake buɗe layi?
Na ce ban sani ba. Na sani. Sai baɗi waccan.

Da safe na buɗe takardar tambayoyin,
na bi su da yatsa, duka goma sha huɗu,
ina neman gurbin da ake rubuta
inda mutum ya kwana.

Ragowar kek ɗin na nan a firjin ofis.
Wani ya manna masa takarda: kowa ya ɗiba.