Minti Biyar

Malama Turai ta ce, "Minti biyar.
Ba wa'azi ba, ba kamfe ba.
Ku faɗa mana abin da ba mu sani ba, ku zauna."
Ni da harshena ke tuntuɓe ko a kan sunana,
nan take cikina ya ɗuri ruwa.

Sadisu ya ɗauki kiwon kifi,
Rahinatu ta ɗauki ciwon suga.
Ni na koma Yakasai hannu rabbana,
na tarar ruwan jiya bai bar zaure ba,
tabarmar Baba a shanye kan katanga,
shi kuma yana ta faɗa da wanda ya cike kududdufi
ya dasa shaguna goma sha biyu a kansa.

"Baba, wai wa ya haƙa kududdufin?"
Ya dube ni sheƙeƙe.
"Gidan da kake ciki, daga ina aka ɗebo shi?
Kowane gida a birni, raminsa na kusa.
Mun ɗebi ƙasa, mun cuɗa da ramno, mun yi tubali,
ramin ya zauna jiran damina.
Ruwa ba ya ɓatan hanya, Mudan.
Ka hana shi masauki, ya kwana ɗakinka."

Na rubuta, na soke, na sake.
Shafi huɗu na matse a kati uku
da na yanko daga kwalin sukari.
Bayan la'asar na hau soro,
waya na ƙirga mini daƙiƙu,
na yi wa tantabarun Yaya jawabi sau bakwai.
Karon farko minti tara.
Na biyu shida, amma na haɗiye ƙarshen.
Ƙanwata ta ɗago kai daga wanke-wanke:
"Ka ce 'wato' sau ashirin da ɗaya."

Ran Talata adaidaita ya maƙale a Ƙofar Nasarawa.
Na iso jiƙe sharkaf, kati ya yi laushi a aljihu.
An ɗauke wuta, fanka ta yi tsit.
Ido tamanin.
Malama ta kwance agogo ta ajiye kan tebur:
"Bisimilla."

Ku... ku... ku...
Kalmar ta tsaya a wuya kamar ƙayar tarwaɗa.
Wani a baya ya yi tari mai kama da dariya.
Na duba kati, gumi ya riga ni,
gabatarwar kwana uku ta zama shuɗin tabo.

Sai na ji bakina ya ce,
"Wa ruwa ya shiga gidansu bana?"
Hannu ɗaya. Uku. Goma sha ɗaya.
Har Malama ta ɗan ɗaga biro.

Daga nan harshe ya sami magudana.
Na ɗebo ƙasa, na jera tubali a gabansu,
na zana rami a allo, na zana gida a gefensa,
na ce wannan ne ya haifi wannan.
Na faɗi sauro, na faɗi shara,
na faɗi yaron da aka tsamo bara waccan,
don rabin bayani ƙanin ƙarya ne.

"Saura daƙiƙa talatin."
Na tsallake kati na uku ɗungurungum,
na rufe da maganar Baba, na ce tasa ce.

Chinyere ta Sabon Gari ta ɗaga hannu:
"To, guda nawa suka rage?"
Na ce ban sani ba.
Ajin ya yi shiru, biro ya yi motsi.
Sha huɗu cikin ashirin, da jan rubutu a ƙasa:
Ka daina kallon silin. Ka zo da alƙaluma.

Da magariba Baba ya ce, "Sun ji?"
Na ce sun ji.
"Za su rushe shagunan?"
Ya mayar da rediyo kunnensa.

Gabas ta haɗe, iska ta fara kaɗa langa-langa.
Na ɗage katifa kan benci,
na juya bayan kati na uku na rubuta:
Asabar, ƙirga kududdufai.
A fara daga bayan gidanmu.