Kalmar da Ta Rage wa Dougal

A Arbroath, inda hayaƙin kifi ke kwana a rigunan mutane,
gida na bakwai a layin da ya gangara teku,
nan nake aikin jinya, safe da yamma.
Dougal Rennie, shekara saba'in da tara.
Shanyewar ɓarin jiki ta shigo masa wata Talata,
ta kwashe maganarsa kamar ɓarawon da ya san ɗaki.
Sunan matarsa ya tafi.
Sunan jirgin da ya yi shekara talatin yana tuƙawa ya tafi.
Kalma ɗaya ce ta laɓe ƙarƙashin harshe, ɓarawo bai gan ta ba:
get.

Likita ya girgiza kai.
Elspeth ta ce, haba likita,
in dai ɗaya za a bar masa, ai uwar garke aka bari.

Ni da na koyi Turanci a allon makaranta,
na san get da fuska ɗaya tak: samu.
Elspeth ce ta kwance mini bakin buhun.

Da sassafe ya ce get, idonsa kan bargo.
Get up ke nan, in ji ta, a tashe shi.
Ya ce get yana kallon ƙugiyar bango,
get dressed, a miƙo rigar sanyi mai ruwan toka,
ban da shuɗiyar, tana cizon wuya.
Aka ƙwanƙwasa, ya ce get,
ta ce mini, get the door.
Na tsaya sororo:
in na samo ƙofar, ina zan kai ta?
Ta yi dariya har da dafa tebur.
Buɗewa kawai ake nufi.

Shayi ya daɗe a gabansa, ya harare shi.
Getting cold, ta ce, yana hucewa.
Ashe kalmar har rikiɗa takan yi:
da ita ake tsufa a garin nan,
da ita gari ke duhu tun ƙarfe uku na hunturu,
da ita ake gajiya, da ita ake aure.
Shiga mota get, sauka ma get,
ɗan guntun da ke bin bayanta ne ke juya akala.

Ran da ɗan ƙanensa Lachlan ya zo da takardu
a sa hannu a sayar da jirgin,
Dougal ya tattara duk abin da ke ƙirjinsa
ya ce GET.
Ban nemi tafinta ba.
Lachlan ma bai nema ba,
ya manta hularsa a kan kujera.

Wata takwas muna haka.
Na iya bambanta get ɗin gishiri da na rediyo,
get ɗin zafin ƙafa da na kewar teku.

A watan Maris ciwon ya dawo.
Asibitin Dundee, gado kusa da taga,
ba a hango ruwa, sai filin ajiye motoci.
Katuna a jere, kowanne na cewa get well.
Ya dubi Elspeth, ya ce get,
a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Na jira fassara, yadda na saba.
Get home ne, a mai da shi gida?
Get some rest, ke ma ki je ki huta?
Ko wani get ne na tsakaninsu,
tun zamanin da take jiransa a bakin gaɓa da fitila?

Ba ta juyo gare ni ba.
Ta gyara masa wuyan riga mai ruwan toka,
ta sunkuya dab da kunnensa.
I get it, ta ce.
Na gane, Dougal. Na gane.

Na fita na ɗebo ruwan da ba wanda ya aike ni.