Taku Goma Sha Bakwai

Daga gadon Hammadu zuwa taga
taku goma sha bakwai ne.
Na ƙirga, ni da ban saba ƙirga komai ba
sai buhunan wake a Tudun Hatsi.

Yaron da ke kashe takalmi uku a shekara
a filin ƙwallon Pantami,
yau sankarar jini ta zaunar da shi.
Ruwan magani ya yi masa aski ba aska,
ƙafafunsa sun koma karan dawa bayan girbi.

Ran Talata Rifkatu ta shigo, mai gashin ƙashi,
ta duba takardar jini, ta taɓa goshinsa,
ta ce, "Kyaftin, tashi mu gai da taga."
Kakarsa ta riƙe haɓa:
"Majinyaci da yawo? Wannan wane asibiti ne?"
Rifkatu ta yi dariya:
"Inna, gado ma yana cin nama,
a ɓoye yake ci, kamar gara."

Ya sauko. Ya kama ƙarfen ƙarin ruwa,
mai taya huɗu, ɗaya na kuka.
Taku biyar, gumi.
Taku shida, ya zauna a ƙasa ya zage mu duka.

Laraba bai tashi ba, amai ya wuni da shi.
Yatsun ƙafa kawai ya motsa ƙarƙashin zane,
Rifkatu ta rubuta a littafi: ya yi.

Alhamis tara.
Juma'a zazzaɓi, aka ce a bar shi.
Na zauna ina jan carbi,
ina harara tagar kamar ta ci mini bashi.

Sai wata safiya na dawo da koko a kwano
na tarar da gado babu kowa.
Gabana ya faɗi, koko ya zube.
Can na ji tayar nan tana kuka.

Yana tsaye jikin taga, goshi a gilashi,
yana kallon 'yan acaɓa suna rigima a bakin ƙofa.
A gefensa Yila, ɗan Kaltungo mai shekara shida,
riƙe da ƙwallon da suka naɗa da safa.
Hammadu na ce masa, "Da gefen ƙafa, ba da yatsa ba."

Ban san abin da gwajin wata mai zuwa zai ce ba.
Likita ma bai yi mini alkawari ba.
Abin da na sani, daga taga zuwa ƙofa
taku talatin da ɗaya ne,
kuma jiya da dare ya tambaye ni.