Darasin Laraba

Wuta ta ɗauke a Bagalam tun magariba.
Na jingina tocila jikin butar shayi
ina shirya darasin gobe:
yadda Ingilishi suka ƙare da sarakunansu.

Inna na murza tunkuza a bakin murhu,
man gyaɗa na tsattsafowa tsakanin yatsunta.
Ta ce, "Nomau, me ya haɗa su faɗa?"
Na ce, "Lanho, Inna."
Ta yi dariya har ludayi ya suɓuce:
"Ashe Nasara ma ya san zafin aljihu."

Na kai ta wata fadama a bakin kogi,
shekara ɗari takwas da suka wuce,
inda manyan ƙasa suka tsare sarki
sai da ya danna hatimi a takarda:
ba a kama ɗa sai da shari'a,
ba a aza sabon kuɗi sai an zauna.
Wata uku ba su cika ba ya tsallake alkawarin.
Ta ce, "Rantsuwar kura a bakin garke."

Wani kuma, can gaba,
ya kutsa zauren majalisa da masu takubba
neman mutum biyar.
Ya tarar da kujeru, kurciyoyi sun tashi.
Aka yi yaƙi, wa ya soki ƙane.
Ranar da za a sare kansa ana tsananin ɗari,
ya sa riga biyu
don kada jiki ya yi rawa a ce tsoro ne.
Nan Inna ta tsai da hannu.
Ba ta ce komai ba. Mai ya ci gaba da ɗiga.

Sojan da ya hau bayansa, shi ma ya kori majalisar.
Shekara sha ɗaya gadon na wofi,
suka gaji, suka aika a kira ɗan marigayin.
Daga baya suka ɗauko wani daga ƙetaren teku,
suka miƙa masa kambi da hannun dama,
sharuɗɗa da na hagu.
Har yau, in manzon sarki ya zo kiran wakilai,
a fuskarsa ake rufe ƙofa,
sai ya buga sau uku.

Inna ta share hannu da gefen zane.
"To mu fa? Tun kafin Gulbi ya ci tsohon gari,
Ƙaura da Galadima, 'Yandaka da Durɓi,
su ke naɗa rawani, su ke iya kwance shi.
Mu dai ba mu rubuta ba.
Abin da ke baki, da mai bakin ake binne shi."

Laraba na zuba musu duka,
yara saba'in da huɗu kan tebur ashirin.
Alli ya ƙare, na ƙarasa da yatsa.

Alhamis na zo, ƙofar aji a rufe.
Na tura, ta ƙi.
Daga ciki muryar Tsayabu, mai barcin layin baya:
"Mushe, sau uku."

Na tsaya da bulalata a hammata,
rana na dukan ƙeyata,
mai gadi na kallo daga gindin bedi.
Na buga.

Barmini ce ta miƙo takardar,
an yago ta daga tsakiyar kaye, tawada ja:
ba jarrabawar ba-zata sai an shawarta,
ba rage maki sai an faɗi dalili,
ba a dukan aji duka kan laifin mutum ɗaya.
Ta rubuta "dalili" da lam biyu a tsakiya.
Na gyara mata. Na sa hannu.

Da dare Inna ta tambaya,
"Kai wata nawa za ka yi kafin ka tsallake?"
Na ce ban sani ba.
Bulalar dai tana bayan allo,
kuma tun safe nake jin wuyana.