Launin Rigar Mai Fito

Chizuru ta zo da littattafan a jaka,
kundi tara na manga, bakinsu ya yi ja don tsufa,
ta jera su a kan tabarmar tatami,
ta tura tsohon kaset cikin na'ura,
ta ce, Kaka, yau ranar hisabi ce.

Ruwa na dukan rufin Nerima.
Jirgin ƙasa ya wuce, shayi ya yi rawa a kofi.

Ta ce, a kundi na biyu kare ya mutu,
a nan ga shi yana kaɗa jela har ƙarshe.
Na ce, kamfanin alewa ne ya ɗauki nauyin shirin,
ba sa son gawa da ƙarfe bakwai na yamma
sa'ad da yara ke gaban kwanon shinkafa.
In baki ya ci, ido sai ya ji kunya.
Ta rubuta a ɗan littafinta: ha'inci na ɗaya.

Ta ce, wannan ƙanwar fa, daga ina?
Na duba shafi-shafi, ko inuwarta babu.
Na ce, mun cim ma mai littafin a hanya.
Shi shafi sha shida a wata,
mu rabin sa'a kowace Alhamis,
sai muka haifi yarinya don mu jira shi.
Muka ba ta tari da laima mai huji,
ta yi mako sha ɗaya tare da mu
ta koma wurin gwaggonta a tsibiri.
Ha'inci na biyu.

Ban yi musu ba.
Na ce, akwai wanda ba ki ƙirga ba, shi ne babba.
Buɗe inda dusar ƙanƙara ke sauka kan kogi,
shafi guda, ba mutum, ba magana.
Mai karatu kan zauna nan iya son ransa,
ni na taɓa kwana a kansa.
Mu daƙiƙa huɗu muka ba shi,
muka cika shirun da sarewa.
Wannan kam har yau yana cina.

Ni dai aikina fenti ne.
Ina 'yar ashirin da biyu, a ɗaki mai warin kala,
ina shafa launi a bayan takardar roba
har yatsu su ƙi lanƙwasa.
Littafin baƙi da fari ne, kin gani,
ba wanda ya san launin rigar mai fito.
Tomosaka ya ce, zaɓi, dare ya yi.
Na zaɓi kore mai duhu, irin na gansakuka,
launin rigar babana
ranar da ya raka ni tashar Niigata
ya tsaya a ruwa bai ɗaga hannu ba.

Sau ɗaya Kuzuhara ya taka ɗakin aikinmu,
ɗan siriri, tawada a bakin hannun riga.
Ya ɗaga takardar ya kara da fitila,
ya daɗe.
Ya ce, ni ruwan ƙasa nake ganinta.
Gabana ya faɗi.
Ya ajiye ta a hankali, ya ce,
amma ban taɓa ganinsa cikin ruwan sama ba.

Ɗauko kundi na tara, Chizuru.
Bayan shirinmu da shekara biyu ya fito.
Dubi bangon.

Ta juya shi.
Mai fito na tsaye a kan kwalekwale, sanda a hannu,
rigarsa kore shar, mai duhu.

Ta dubi bango, ta dubi allo,
alƙalami na shawagi bisa takarda
ya rasa layin da zai sauka.
A talabijin karen nan da ya kamata ya mutu
ya yi haushi sau biyu,
ya faɗa kogi, ya bi bayan jirgin.