Ƙulli a Ƙarƙashin Ɗinki

Shekara uku ke nan da suka ɗauke na hagu,
suka mayar mini da wani,
mai sanyi kamar cikin kifi da asuba.
Na saba da shi. Har jar riga na saya
a kasuwar Valparaíso,
na hau tudu da ita ranar Lahadi, ban yafa komai ba.

Sai wata safiya ina wanka, jirage ba su dawo ba,
yatsana ya tsaya.
Yatsan da ya shekara talatin yana gyaran tarun masunta
ba ya tsallake ƙulli, ko a duhu.
Wannan yana ƙarƙashin tabo, dab da haƙarƙari,
da tauri kamar ƙwallon zaitun,
an tura shi, ya ƙi gusawa.

Ban gaya wa Hernán ba.
Na zuba masa romo, gishiri ya yi yawa, ya shanye.

Likita Arriagada ta juyo mini da allo.
Ta ce, "Yasna, ba tsohuwar baƙuwar ce ta dawo ba.
Naman warkewa ne ya manta inda zai tsaya.
Irinsa ba safai ba; ke ce ta farko a hannuna."
Na yi dariya,
ni da ko cacar unguwa ba ta taɓa faɗo mini ba.

Ta ce ba ya yawo zuwa huhu ko hanta,
zama yake, yana riƙo,
kamar ƙumba a gindin jirgi.
In an yanke, yakan dawo da 'yan'uwansa.
Don haka mu jira. Mu auna. Wata uku-uku.

Jira kuwa na iya, matar masunci ce ni.
Sai dai teku nake jira a da,
yanzu ƙirjina.

Ita tana da na'urarta mai ruri,
ni ina da zaren taru.
Duk sabon wata nakan shimfiɗa shi a kan wurin,
in datse da haƙori,
in rataye a ƙusar bayan ƙofa.

Jiya na tarar da Hernán a tsaye,
da warin ruwa a jikinsa,
ya jera su huɗu a tafin hannu.
Bai tambaye ni ba.
Ya daidaita bakinsu da babban yatsa, ya daɗe,
sannan ya ce,
"Na ƙarshen bai fi na bayansa ba."