Littafi Ɗaya, Ido Huɗu

Biyu na biya kuɗinsu. Ɗaya jirgin ruwa ya kawo.
Mai gidan waya ya ɗaga kafaɗa:
"Ɗayan yana can Oban, sai teku ya huce."
Tekun tsibirinmu kuwa, in ya yi fushi,
ba ya jin ban haƙuri.

Ga Ishbel, ga Torquil, tagwayena,
shekara takwas-takwas, aji ɗaya,
a teburin da nake gyaran kifi da yamma,
wanda gari na wayewa yake zama makaranta.
Ni ce malama, ni ce shugaba,
ni ce mai ƙararrawa, da cokali da murfin tukunya.

Na ajiye littafin a tsakaninsu
kamar mai rabon gado.

Karatun Ishbel ruwan sama ne a kan kwano,
kafin ka ce kwabo ta kai gindin shafi,
ta lashi yatsa, tana harara.
Shi Torquil tauna kalma yake yi,
ya juya ta a baki, ya tsaya kallon hoton jirgi,
babban yatsansa danne da kusurwar takarda.
"Ban gama ba."
"Kai kullum ba ka gama ba!"
Ran Talata shafi na sha tara ya yage.
Na liƙe shi da gam, da ɗan guntun haƙurina.

Na lissafi kam ban yi gangancin haɗa su ba.
Inda ake cike gurbi,
wanda ya riga rubutawa ya cinye wa ɗan'uwansa tuwo.
Sai dare ya raba, iska na dukan taga,
in zauna ina kwafe tambayoyi da biro, layi-layi,
har ubansu ya dawo daga kamun ƙaguwa,
rigarsa na ɗigar gishiri,
ya tarar ina gyangyaɗi a kan bakwai sau takwas.

A mako na biyu
Torquil ya gaji da zungurin gwiwar hannu,
ya ja kujerarsa ya koma ɗaya gefen.
Na ce, "Daga can me za ka gani?"
Ya karanto mini layi uku cur,
haruffa duk sun yi adungure a gabansa,
bai yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya.
Ishbel ta saki baki.
Tun ranar ta soma karatu a bayyane don ta kama shi da kure,
muryarta ta rage mata gudu,
shi kuma yana tare ta da tambaya:
"Me ya sa tsohon bai rufe ƙofa ba?"
Ita ba ta ma ga ƙofar ba.
Ta koma baya. Ban taɓa ganin ta koma baya ba.

Kwana ashirin da uku, teku ya sauko.
Ga ɗayan littafin, sabo fil, yana ƙanshin kanti.
Kowa ya ɗauki nasa ya shige ɗaki.
Gidan ya yi tsit.
Na sha shayi da zafinsa, karon farko a wata guda,
bai yi mini daɗi ba.

Da la'asar na leƙa.
Suna kwance a ƙasa, goshi na kusa da goshi,
tsohon littafin mai tabon gam a tsakiya,
ita daga sama, shi daga ƙasa.
Sabon yana kan gado, kyanwa ta yi matashi da shi.

Jiya Morven ta tsallaken tudu ta bugo waya,
ita ma 'yan matanta biyu sun kai aji ɗaya:
"Ɗaya zan saya ko biyu?"
Na ce, "Na lissafi, biyu, kada ki yi rowa.
Na labari kuwa..."
Na dubi shafi na sha tara.
"Sayi biyu in aljihu ya yarda.
Amma ki ɓoye ɗaya a saman kabad
har sai sun gama faɗan."